Jar rigar Fafaroma: yadda aka zana ta, da wanda ya biya

Tambaya: "Malam, ina koyon zane da fentin mai. Na ga hoton zanen Fafaroma Innocent na Goma yana zaune a kujera cikin jajayen kaya, yana harara kamar zai yi magana. An ce tun 1650 aka yi shi. Ni kuwa in na shafa ja sai ya fito a mace, ba zurfi ba ƙyalli. Wace dabara suka bi? Sannan wa ke biyan kuɗin irin wannan aiki, kuma ta yaya mai zane zai nuna shugaban addini da irin wannan ɗaurarriyar fuska ya kwana lafiya?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Zanen da kika gani aikin Diego Velázquez ne, mai zanen fadar Sarki Philip na Huɗu na Sifaniya, kuma har yau yana rataye a gidan dangin wannan Fafaroma, wato fadar Doria Pamphilj da ke birnin Roma. Abu uku kika tambaya: yadda aka sami wannan ja, wanda ya biya, da dalilin da ya sa ba a hukunta mai zanen ba. A wurina amsarsu a ɗaure take da juna. A irin waɗannan zane-zane, aljihun ubangida da buƙatarsa su ke yanke irin kalar da za a saya, da yadda za a zaunar da mutum, da wurin da za a rataye allon, har da iyakar gaskiyar da za a bar fuska ta faɗa.

Abin da mai ya kawo

Kafin tsakiyar ƙarni na 15, yawancin masu zanen Italiya da gwaiduwar ƙwai suke kwaɓa garin kala. Ƙwai nan take yake bushewa, don haka in ana son inuwa sai a yi ta jera siraran layuka. Mai kuwa, musamman man 'ya'yan lilin da man walnot, ba ya ƙafewa kamar ruwa. Iska yake shaƙa a hankali har ya daskare ya zama fata, abin da kan ɗauki kwanaki. Wannan jinkiri shi ne ribarsa: kina da lokacin narkar da haske cikin inuwa a kan kunci ba tare da an ga gaɓa ba. Riba ta biyu kuma, wasu kalolin in an kwaɓa su da mai sukan zama garai-garai, ana hango abin da ke ƙarƙashinsu.

An daɗe ana cewa Jan van Eyck na ƙasar Flanders ne ya ƙirƙiro fentin mai. Ba haka ba ne, an san shi ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Abin da ya yi shi ne nuna iyakar abin da mai zai iya, a shekarun 1430, daga nan dabarar ta gangara Italiya. Su mutanen arewacin Turai a kan katakon ok suke zane, 'yan Italiya kuma a kan fofla. Sai an shafe katakon da alli ko farar ƙasa da aka kwaɓa da gam ɗin fatar dabba, shafi bisa shafi, a kankare har ya yi santsi. Wannan farar shimfiɗa ita ce fitilar da ke haska zanen daga ciki. Daga baya mutanen Benis suka rungumi ƙyallen lilin mai kauri, saboda danshin garinsu yana cinye zanen bango, kuma ƙyalle ana naɗe shi a aika wata ƙasa. Zanen Innocent a kan ƙyalle yake.

Sirrin jan

Janki yana mutuwa ne saboda, ina kyautata zato, kala ɗaya kike shafawa a karo ɗaya, in kina son haske ki ƙara fari, in kina son duhu ki ƙara baƙi. Fari yakan mai da ja ruwan hoda mai kama da alli, baƙi kuma ya mai da shi laka.

Su magabata ja iri biyu suke haɗawa, kowane da aikinsa. Na farko mai toshewa ne, ba a ganin bayansa: ko jar ƙasa, ko wani ja mai haske da ake yi daga zaiba da farar wuta. Da shi, tare da farin dalma, ake gina rigar gaba ɗaya, a fitar da ninki da tudu da kwari, har a sa hasken ya fi yadda ake so a ƙarshe. Sai a bar shi ya bushe sarai. Na biyu kuma asalinsa rini ne, daga saiwar tsiro ko daga jikin wasu ƙananan ƙwari. Akan kama rinin da alimun ya zama gari, in aka kwaɓa shi da mai sai ya yi kamar jan gilashi. Shi ake shafawa siriri a kan na farko, kaɗan a kan tudun ninki, da yawa a cikin kwari. Haske yakan ratsa wannan shafi, ya bugi mai hasken da ke ƙasa, ya dawo ido ya sake ratsa jan. Abin da kike kira zurfi ke nan. Marinan Ƙofar Mata ba sa samun baƙin shuɗi a tsomi ɗaya, sai sun tsoma sun fitar iska ta sha, sun sake mayarwa. Jan rigar Fafaroma ma da irin wannan haƙuri ake tara shi.

A nan ne kuɗi ke shigowa. Bayan Sifaniyawa sun ci Meziko a 1521, sun tarar da wani ƙwaro da ake kiwo a jikin wani tsiro mai ƙaya mai kama da ƙyarana, mai ba da ja mai ƙarfin da ya fi na ƙwarin Turai nesa ba kusa ba. Ya zama ɗaya daga cikin kaya mafi tsada da jiragensu ke saukewa a Seville. Da irin wannan rini ake rina alharini da karammiskin manyan coci, kuma masu haɗa kala sau da yawa daga askin rinannen yadi suke tatso jan da masu zane ke saye. Ke nan jan da ke kan allo da jan da ke jikin mai rigar kan iya zama daga tukunya ɗaya. Wannan ja yana da matsala biyu: ba ya son bushewa, kuma rana tana cinye shi. Masu bincike sun sami garin gilashi a cikin jan wasu zane-zanen Italiya na ƙarni na 16, har da na Raphael, wanda ake ganin don ya taimaka wa bushewa aka zuba. Inda kika ga tsohon zane rigarsa ta koɗe ta koma fari-fari, sau da yawa shafin saman ne haske ya tafi da shi.

Velázquez dai bai tsaya a wannan hanya kaɗai ba. Ya gaji sakin hannu irin na Titian, mutumin Benis, wanda aka ruwaito yakan juya zane ya fuskanci bango wata da watanni kafin ya koma masa, kuma a ƙarshe da yatsu yake gamawa. Ki ƙara girman hoton ki dubi 'yar gajeriyar alkyabbar da ke kafaɗar Innocent. Ƙyallin da ke kanta 'yan jan burushi ne masu kauri, fari-fari da ruwan hoda, da aka ja da sauri a kan ja mai duhu. Farar rigar ƙasa ma, in kin matso, ba leshi ba ne, dambarwar fenti ce kawai. Sai kin ja da baya take zama yadi. Labule ja, kujera ja, hula ja, alkyabba ja, fuska ma ja, amma babu biyu da suka yi daidai: wani ya karkata zuwa ruwan lemo, wani zuwa shunayya, wani yana sheƙi, wani yana shanye haske. Wannan bambancin ne ya hana zanen zama jan tabo guda.

Wa ke biya, kuma da me

A wancan zamani mai zane ba ya zama ya zana abin da ransa ke so ya kai kasuwa. Aiki ake ba shi, sau da yawa da takardar yarjejeniya. Akwai wata sananniya ta 1485 tsakanin Domenico Ghirlandaio da shugaban gidan marayun Fulorans, kan wani zanen coci. An rubuta cewa shi da hannunsa zai yi aikin, cikin wata 30, kuma shuɗin da zai sa ya zama na dutsen lapis mai darajar kusan fulorin 4, wato kuɗin zinariyar Fulorans, kowane oza. Wannan dutse daga Badakhshan ta Afganistan ake kawo shi. Ubangida yana sa ido kan kala domin ya san ta nan ake ha'intar sa.

Amma ga Fafaroma, biyan ba kuɗi ba ne kaɗai, sau da yawa ma kuɗin ne ƙarami. Yana da muƙamai da kuɗin shigar majami'u da zai iya rabawa. Fafaroma Clement na Bakwai ya ba Sebastiano, wanda ya zana shi, muƙamin mai riƙe da hatimin dalma na fadarsa a 1531, har muƙamin ya zame masa suna, del Piombo, wato na dalma. Titian kuwa, abin da ya sa ya yi ta yi wa dangin Farnese, wato dangin Fafaroma Paul na Uku, hidima shi ne neman wa ɗansa Pomponio, wanda limamin coci ne, wata majami'a mai kuɗin shiga. Ya zana Paul na Uku a 1543, ya tafi Roma a 1545, aka yi ta ja masa rai.

A wannan tafiya ya fara zanen da na fi so a sa ɗalibi ya zauna ya kalla, wanda ke Nafoli yanzu: Paul na Uku da jikokinsa biyu. Tsoho ɗan shekara 77 ya tanƙware a kujera, ya waiwayo. Ottavio, wanda ke auren 'yar Sarki Charles na Biyar, ya rusuna zai yi gaisuwa, amma rusunawar kamar ta mai lissafi. Alessandro, Kadinal, wato babban limamin coci da ke ƙasa da Fafaroma, yana tsaye a baya ya dafa kujerar, yana kallon mu. Hoton eksire ya nuna da farko Alessandro ya fi nisa, daga baya aka matso da shi kusa da kujerar. A shekarar ce Fafaroma ya yanke Parma da Piacenza daga ƙasar coci ya naɗa ɗansa, mahaifin waɗannan samari, sarautarsu. Zanen sanarwa ce cewa gidan Farnese ya kafu, ɗaya ga sarauta, ɗaya ga coci. Ba a gama shi ba, hannun dama na Fafaroma ma babu shi. Ga mai koyo wannan alheri ne, domin ana ganin shimfiɗar ƙasa da shafin farko a fili.

Wurin da za a kai zane ma yana da ta cewa. Na Leo na Goma da Raphael ya yi a 1518, an aika shi Fulorans ne lokacin bikin auren ɗan ɗan'uwansa Lorenzo, aka ajiye shi a wurin walima a madadin Fafaroman da bai samu zuwa ba. Shi ya sa aka cika shi da abin da ke nuna arzikin gidansu na Medici: karammiski, da farin yadi mai zubi, da ƙararrawar azurfa, da littafin Baibul mai ado, da gilashin ƙara girman rubutu a hannunsa saboda raunin idonsa, da Kadinal biyu 'yan gidan a bayansa. Shekara ɗaya ke nan bayan Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus kan sayar da takardun gafara, waɗanda wani ɓangaren kuɗinsu ke tafiya ginin majami'ar Saint Peter. Shi Luther kansa bai tsira daga wannan harka ba: shagon Lucas Cranach, mai zanen fadar Saxony, ya yi ta fitar da ƙananan zanensa masu yawa daga samfuri ɗaya, ana rabawa magoya baya.

Wanda ya kafa salon zaman kansa shi ne Raphael, a zanen Julius na Biyu na 1511 zuwa 1512. Ya zaunar da shi a karkace, daga kai zuwa gwiwa, ido a ƙasa, da gemun da ya bari don baƙin cikin rasa birnin Bologna. Kan kujerar an sassaƙa 'ya'yan itacen ok, tambarin danginsa della Rovere. Wanda ke Landan an daɗe ana ɗaukar sa kwafi, sai a 1970 bincike ya nuna a bayan koren labulen akwai zanen makullan Fafaroma da aka fara yi aka shafe. Mai kwafi ba ya canza shawara a tsakiyar aiki, don haka aka gane shi ne na asali. Kuma shafewar ta yi daidai, da makullan sun sace ido daga fuskar. Zaman da kika gani na Innocent, shekara kusan 140 bayan haka, wannan zaman ne aka gada.

Me ya sa ya kwana lafiya

Innocent yana da shekara 76 a lokacin, kuma mutanen zamaninsa ba su taɓa yabon kyansa ba, an san shi da zargi da saurin fushi. Ana ba da labarin cewa da ya ga zanen sai ya ce ya cika gaskiya da yawa. Labarin baka ne, ki riƙe shi a haka. Abin da ya tabbata shi ne bai ƙi zanen ba: ya ba Velázquez sarƙar zinariya da lambar girma, danginsa kuma suka riƙe zanen har yau.

Ina ganin dalili biyu. Na ɗaya, mu ne muke ganin fuskar ta yi muni. Shi mai mulki a wancan lokaci kwarjini yake nema, ba kyau ba. Idon da ke cewa na san abin da ka ɓoye, ga mutumin da ke fama da jakadun Faransa da Sifaniya da 'yan fadarsa, yabo ne. Na biyu, Velázquez ba yaron Fafaroma ba ne. Baƙo ne, ɗan aiken wani sarki mai ƙarfi da ya zo sayen zane-zane da gumaka don fadar Madrid, albashinsa ba daga Roma yake fitowa ba. Wanda abincinsa ba ya hannunka ya fi iya kallon ka ido cikin ido. Amma shi ma da tasa buƙatar. Takardar da ke hannun hagu na Fafaroma, in kin duba, sunan Velázquez ne a kanta, an tsara ta kamar takardar roƙo. Burinsa shiga ƙungiyar mayaƙan Santiago ta masu asali, abin da mai aikin hannu ba ya samu cikin sauƙi, kuma bai samu ba sai 1659, bayan Fafaroma na gaba ya ba da rangwame. Kafin ya fuskanci Innocent ma, an ruwaito ya fara motsa hannu da zanen Juan de Pareja, mataimakinsa kuma bawansa mai jinin Afirka, wanda Velázquez ya sa hannu a takardar 'yanta shi a Roma cikin wannan shekara ta 1650.

Akwai wani zane da ya shafe mu kusa. A 1733 William Hoare ya zana Ayuba Sulaiman Diallo a Landan, Bafillace daga Bundu ta ƙasar Senegal ta yau, ɗan limami, mahaddacin Alƙur'ani, wanda aka sayar bawa zuwa Maryland kafin ya kuɓuta. Turawan da suka tsaya masa su suka so zanen. Wanda ya rubuta tarihinsa a lokacin ya ce da farko ƙi ya yi, sai da aka tabbatar masa don tunawa da shi ne kawai, sannan ya ce sai dai a zana shi cikin kayan ƙasarsu. Haka aka yi: farar riga, farin rawani, da littafi cikin jar gafaka rataye a wuya. Ba shi ya biya ba, amma ya sa baki a yadda za a gan shi. Su kuwa hotunan da ke yawo da sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ba a gabansa aka zana su ba, hasashen mutanen baya ne.

Ni ma a ɗan aikin da nake karɓa, na malamai da masu sarauta, da wuya mai fuskar ne ke zuwa. Almajirai ne ko 'ya'ya ke kawo hoto, kuma kusan kullum roƙonsu ɗaya: a rage tamoji, a ƙara hasken fata, a gyara zaman rawani. Rawanin nakan gyara. Tamojin kuwa nakan yi ƙoƙarin shawo kansu a bar shi, domin in an share shi kamannin ma tafiya suke yi, kuma su ne za su fara cewa bai yi kama da Malam ba. Batun hukuncin zana mai rai a shari'a ba fagena ba ne, wannan ki kai shi gaban malamai. Haka kuma duk abin da na faɗa kan abin da ke ƙarƙashin fenti daga masu binciken gidajen tarihi ne. Gilashin waya ba ya nuna shafi bisa shafi, daidaita komai yake yi.

Abin da za ki gwada

Ki sami jan yadi mai sheƙi ki jefa a kan kujera kusa da taga. Ki gina shi da jar ƙasa ko jan kadmiyam da fari, fentin ba mai yawan mai ba, ki bar hasken ya ɗan wuce kima. Ki ba shi aƙalla mako guda, har ya daina kama yatsa. Sannan ki ɗauki ja mai garai-garai, irin kwinakiridon ko alizarin da aka rubuta ba ya koɗewa, ki sassauta shi da ɗan man lilin, ki shafa siriri, ki goge tudun ninkin da tsumma ko yatsa. A cikin inuwa mafi duhu ki bar baƙi, ki gwada ɗigon shuɗi mai duhu ko kore cikin jan. Ƙyallin ƙarshe ki sa shi da kauri, ja ɗaya, kada ki koma ki lallashe shi.

Doka ɗaya ba a karya ta: kowane shafi na sama ya fi na ƙasa mai. In kin juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa, ya tsattsage. Kada ki sassauta fenti da kananzir kamar yadda wasu ke yi don araha, ba ya fita da kyau kuma yana kashe ƙyalli. Tsohon farin dalma da jan zaiba guba ne, ba sai kin neme su ba, kadmiyam ɗin ma kada ya kai baki. Lokacin hunturu ki jingina zanen ya fuskanci bango ba tare da ya taɓa shi ba, domin ƙurar da ta zauna a kan ɗanyen shafi ba ta fita. Man ƙyallin ƙarshe kuwa ki dakata da shi wata shida zuwa shekara, ko da mai aikin yana matsa miki. In ya matsa, ki ba shi zanen haka, ki ce ya dawo da shi in lokaci ya yi.